Usaini da Bijimin da Ya Fito a Jarida

Usaini ne kaɗai Bafillatanin da na taɓa gani ya dasa mangwaro. Na kuwa ga Fulani ba kaɗan ba, domin aikina ke nan. Malamin dabbobi ne ni, da babur da akwatin allura nake zaga rugagen yankin Kwali har tsufa ya sauke ni. Makiyayi bai cika dasa abin da zai tashi ya bari ba. Ranar da na tarar da shi durƙushe a bayan bukkarsa yana kewaye ɗan tsiro da ƙaya don kada maruƙa su cinye, sai da na kashe babur na yi dariya mai isata.

Na ce, "Usaini, ka tuba da yawo ke nan?"

Ya ɗago yana murmushi ya ce, "Likita, ƙafa ta gaji. A nan za a binne ni."

Likita yake kirana, duk da na sha gaya masa ban kai nan ba.

Rugarsu tana bayan Yangoji, in ka bar babban titi ka gangara wajen rafi. Filin na wani dattijon Gbagyi ne mai suna Kure, kuma babu wata takarda a tsakaninsu. Tun Usaini yana saurayi mahaifinsa ya sauka a wurin da rani, shanu suka yi wa gonar Kure taki, doya ta yi kyau a shekarar, Kure ya ce su dawo baɗi. Suka dawo, suka sake dawowa, har dawowar ta zama zama. Dangi suka biyo su da nasu garkunan, aka yi Ardo. A nan Usaini ya auri Zulai, a nan ya binne mahaifinsa, daga baya mahaifiyarsa. Zulai tana kai nono bakin titi da kasuwar Kwali, kuma 'yarsu Hafiza ce yarinya ta farko daga rugar da ta sa kayan makaranta. Duk abin da Usaini yake so a duniya bai wuce a bar shi a wannan fili ba.

Abu biyu ne ba ka raba shi da su. Na farko rediyo. Tana rataye a kafaɗarsa daga safe har yamma, an ɗaure murfin batirinta da roba, kuma ya yarda da ita yardar da ban taɓa yi wa wani ɗan Adam ba. Ya san sunayen masu karanta labarai kamar na ƙannensa. Ra'ayinsa shi ne duk wata ɓarna da ake yi a ƙasar nan, don manya ba su ji ba ne, kuma ranar da magana ta kai ga 'yan jarida, gwamnati kunya take ji ta gyara. Nakan ce masa, "Kai dai Allah ya bar ka da wannan zuciya." Shi kuma ya ce ni aikin gwamnati ne ya ɓata ni.

Na biyu Saja. Bijimi ne fari tas, tozonsa ya kai tulu, a hannun Usaini aka haife shi kuma bin sa yake yi duk inda ya sa ƙafa. Ƙahonsa na hagu ya miƙe sama yadda na kowane sa yake, na dama kuwa ya lanƙwaso ya tsaya daidai gira, sai ka ce soja yana sara wa na gaba da shi. 'Yan kara, wato kasuwar shanu, su suka sa masa wannan suna. Daga Kwali har Abaji, in ka ce Usaini sai a tambaye ka wane Usainin, don suna da yawa. In ka ce mai Saja, magana ta ƙare. Mutane kan koro karsanoninsu daga nesa don su samu irinsa, Usaini kuwa bai taɓa hana kowa ba.

Sai ga mulkin farar hula ya zo, kuɗin mai ya shigo, Abuja ta kama girma ta ko'ina. Wayar salula ta shigo, tifofi suka cika titi, duk inda ka duba ana fasa dutse ana zuba kwalta. Wani kamfanin dafa kwalta ya zo ya kafa injinansa a saman rafin, ya ɗauki 'ya'yan ƙauye aiki, ciki har da 'ya'yan Kure. Kowa ya yi murna, har da ni, don an gyara hanyar da babur ɗina ya daɗe yana shan wahala a kanta.

Bayan damina ta biyu ruwan rafin ya fara canjawa. Ka gan shi da wani maiƙo a sama mai ɗaukar ido, ƙasan kuwa baƙi. Shanun rugar suka fara ɓari. Waɗanda suka haihu, maruƙan ba sa iya miƙewa. Masu sayen nonon Zulai suka fara cewa yana warin kananzir. Na bi rafin da ƙafa har na ga inda ake tuntsurar da durom-durom na baƙin mai a bayan kamfanin, da rana tsaka, ba ɓoyo ba komai. Na rubuta wa na sama da ni, na sake rubutawa. Ina jin har yanzu takardun suna cikin wata durowa, in gara ba ta gama da su ba.

Ardo ya tara mutanensa ya ce kowa ya ja bakinsa. Hujjarsa ita ce su baƙi ne a filin wani, a kora shanu can ƙasa nesa a shayar da su, Allah zai kawo sauƙi. Duk suka ce sun ji. Ni a lokacin na ɗauki Ardo matsoraci, yanzu kam na daina.

Ana cikin haka Nazeer ya zo. Matashi ne ɗan jarida, yana aiki da wata jaridar Turanci da ke fitowa ran Lahadi, a sashen da suke kira na binciken ƙwaƙwaf. Mahaifinsa darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, a Garki ya tashi, shanun da ya sani su ne waɗanda ake kawowa gidansu da Babbar Sallah. Ina so a fahimce ni, yaron kirki ne. A zamanin da yawancin abokan aikinsa ba sa barin wurin taro sai an miƙa musu ambulan, shi ba ya karɓa. Kamfanin ma sun gwada shi, ya mayar musu. Abin da yake ci mini rai ke nan har gobe. Da mai karɓar ambulan ne ya zo, da Usaini yana nan a ƙarƙashin mangwaronsa.

Ya ji ƙishin-ƙishin a kasuwa, ya bi ruga bukka-bukka, kowa ya ce bai san komai ba. A hanyar rafi ya ci karo da Usaini da rediyonsa. Ba na wurin, amma Usaini ya ba ni labarin sau da yawa, kuma bai taɓa canja ko kalma ba.

Ya ce wa yaron, "Ɗana, an hana mu magana. In aka san ni ne, ba ni da wurin zama."

Nazeer ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, wallahi na yi maka alkawari. Ba sunanka, ba fuskarka. A aikinmu source, wato wanda ya ba mu labari, amana ne, ko kotu ce ta kira ni ba zan faɗa ba."

"Babu wanda zai san ni ne?"

"Babu, Baba."

Sai Usaini ya buɗe baki ya faɗi komai. Ya kai shi inda ake zubar da man, ya nuna masa inda ya binne maruƙa. Nazeer ya roƙe shi ya tsaya a bakin ruwa ya nuna baƙin maiƙon da sandarsa, ya ce za a rufe fuskar kafin a buga. Yana tsaye, Saja ya taho yadda ya saba ya tsaya a gefensa, ya ɗaga kai. Na tambayi Usaini daga baya me ya sa bai kore shi ba. Ya ce shi a tunaninsa, in an ce za a ɓoye mutum, ai da abin da ake gane shi za a ɓoye, kuma injin da zai iya shafe fuska ba zai kasa shafe bijimi ba. Bai ga dalilin koya wa mai ilimi aikinsa ba.

A Gwagwalada na sayi jaridar. Hoton ya cinye rabin shafin farko. Ga Usaini da baƙin layi an gitta masa a kan idanu, an rubuta a ƙasa cewa wani makiyayi ne da aka sakaya sunansa don tsaron lafiyarsa. Ga Saja kuma a gefensa, fari fat, ƙaho ɗaya a sama ɗaya a gira, ya fito fes har kana iya ganin tsagar kunnensa. Labarin kansa ba shi da makusa. An auna ruwan, an ji ta bakin masana, an nemi kamfanin ya ƙi magana. Na hau babur na nufi Yangoji, ina tafe ina zagin wanda ban ma taɓa gani ba.

Kamfanin yana da wani jami'i mai suna Solomon, shi ne mai hulɗa da mutanen ƙauye. Bai yi fushi ba, bai tsare kowa ba. Ranar kasuwar Kwali ya zo kara da jaridar a hammata, ya zauna wurin mai shayi, ya ce a haɗa wa kowa. Sannan ya shimfiɗa ta a kan tebur ya ce, "Kai, wannan saniya yana da kyau fa! Na wane ne?"

Duk wanda ya zauna da Fulani ya san ba a yabon dabba a gabansu su yi shiru a kan mai ita. Rowa ce, kuma hassada ce. Baki ya fi biyar da ya amsa a tare. Wan Zulai da kansa ya ɗauki jaridar yana zagawa da ita rumfa-rumfa, yana cewa a zo a ga Saja ya shiga takardar Turawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya iya karanta abin da aka rubuta. Solomon ya biya kuɗin shayi ya yi musu godiya ya tafi.

Ba a turo 'yan sanda ba, ba a turo katafila ba, don idon jarida yana kan kamfanin a lokacin. Kure aka turo. Ina rugar da safen nan ina duba wata saniya sai ga tsohon yana dogara sanda. Ya zauna a inuwar mangwaro, wanda a lokacin ya fara 'ya'ya. Zulai ta kawo masa ƙwaryar nono yadda ta saba, ya girgiza kai. Tun da nake zuwa wurin ban taɓa ganin ya mayar da ita ba.

Ya ce, "Usaini, ni ba ni da baki. Sun nuna mini takarda, ƙasa ba nawa ba ne. Sun ce duk ƙasan Abuja na gwamnati ne, gwamnati ya ba kamfani tun tuni, haƙuri ne suka yi da ku. Yarana suna ci abinci a wurin. Oga Solomon ya ce ko ruga ya tashi, ko su su tashi."

Usaini ya ce, "Baba Kure, ni kaɗai na yi magana. A kore ni, a bar sauran."

"Ya ce duka."

"To kabarin innata fa? Da na baffana?"

Kure ya miƙe ya tafi ba sallama. An ba su zuwa ƙarshen damina.

Usaini bai yanke ƙauna ba, don har lokacin rediyon tana kafaɗarsa. Ya ce in raka shi wurin 'yan jaridar, tunda su suka ɓata su za su gyara. Muka shiga mota zuwa cikin gari. A ofishin aka bar mu a tsaye a ƙofa har Nazeer ya sauko da gudu, ya rungumi Usaini yana cewa labarin ya girgiza ƙasa. Da na gaya masa abin da ya faru, sai fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Amma Baba, na rufe fuskar. Ni da kaina na tsaya aka rufe."

Na ce, "Ka rufe fuskar da ko a kasuwa ba kowa ya san ta ba, ka bar abin da yaron goye zai gane! Ba ka tambayi kowa ba? Duk ofishin nan babu wanda kakansa ya taɓa riƙe sanda?" Muryata ta tashi har masu gadi suka matso. Usaini ne ya riƙe mini hannu yana cewa in yi haƙuri, yaro bai sani ba.

Aka kai mu wurin edita, wani mai gilashi da ladabi. Ya saurare mu har ƙarshe. Usaini ya kawo roƙonsa, wanda ya kwana yana shiryawa. Ya ce su rubuta a ta mako mai zuwa cewa mutumin da ke hoton ba mai bijimin ba ne, wani baƙo ne mai wucewa, bijimin kuma kiwo ya kawo shi wurin. Editan ya cire gilashi ya goge. Ya ce yana jin zafin abin har zuciyarsa, amma jaridarsu ba ta buga ƙarya, ƙa'idar aiki ta hana, kuma in suka yi haka kamfanin zai ce duk labarin ƙarya ne. Ya ce za su rubuta labarin korar. Suka kuwa gwada. Kamfanin ya ce shi bai kori kowa ba, magana ce tsakanin makiyayi da mai gona, lauyan jaridar ya ce ba hujja, aka ajiye labarin.

Gaskiyar editan ce, na sani. Na juya maganar a raina shekara da shekaru ban samu inda ya yi kuskure ba, kuma hakan bai rage mini haushinsa ko kaɗan ba.

Nazeer ne ya gaya mana akwai wani kwamiti da masu gidajen jaridu suka kafa don sauraron koken waɗanda jarida ta cuta. Ya ce mu kai ƙararsa, shi ya yarda. Ofishin yana saman wani bene a Garki, sanyin na'ura har Usaini ya ƙudundune cikin rigarsa. Sakatariyar kwamitin, Hajiya Rukayyat, tsohuwar 'yar jarida ce mai fara'a. Ta ce sai an rubuto koken da Turanci. Na rubuta. Ta ce sai an ba jaridar lokaci ta amsa. Aka ba ta. Ta ce sai mambobi sun samu zama, wasu suna Legas, wani ya tafi Umara. Damina kuwa ba ta jira su ba.

Da ruwa ya ɗauke aka kwance bukkoki. Dangi suka nufi wajen Nasarawa, Ardo ya kira Usaini gefe ya ce kada ya bi su. Ya ce ba gaba ba ce, amma duk inda suka sauka da Saja a cikinsu, labari zai riga su isa. Haka kuwa aka yi. Usaini ya yi ta yawo da garkensa shi kaɗai yana neman masauki. Mai gona zai fito da fara'a, ya hango ƙahon nan, sai ya tuna ƙaninsa ya riga ya yi wa wani alkawarin filin. Kowane ƙauye yana da ɗa a wani kamfani ko yana fatan samu, ba mai son makiyayin da ke kiran 'yan jarida. Hafiza ta bar makaranta a wannan yawon, ba ta sake komawa ba.

A ƙarshe ya kai Saja kara a Dei-Dei. Na bi shi, don na san ba zai iya shi kaɗai ba. Makiyaya suka kewaye san suna yabo, waɗanda a da suke koro masa karsanoni daga nesa, amma ba wanda ya taya. Mahauta ne suka saya. Usaini ya miƙa igiya ya juya ya kama tafiya da sauri. Saja ya bi shi yadda ya saba, ya ja mahauci har ƙasa, sai da ƙarti suka taru suka ɗaure masa ƙafa. Usaini bai waiwaya ba. A mota hawaye ne kawai suke zubo masa yana barin su.

Bayan wannan ne kwamitin ya zauna. Ni kaɗai na je karɓar hukunci. Sun ce sun duba, an sakaya suna, an rufe fuska, ba a ambaci ƙauye ba, saboda haka jaridar ba ta karya ƙa'ida ba. Sun dai ba da shawara a ƙara kula nan gaba.

Hajiya Rukayyat ta rako ni har bakin bene ta ce, "Malam Ibrahima, ni 'yar Yola ce, kakana makiyayi ne. Ina ganin hoton na gane. Amma code ɗin, wato ƙa'idar aikinmu, bai ambaci shanu ba."

Na ce, "Da ya ambata fa, Hajiya, me za ku yi masa?"

Ta ce da sun sa jaridar ta ba shi haƙuri a shafin ciki.

Kamfanin kuwa an zo an manna masa takarda a ƙofa, an rufe shi na ɗan lokaci, an buɗe. Ya ja katanga doguwa har bakin rafi, yanzu ba mai ganin abin da ake zubawa. Katangar ta haɗiye wurin rugar duka, da kaburburan. In ka bi ta hanyar za ka hango kan mangwaron ya leƙo ta sama, an ce masu gadi ne suke shan 'ya'yansa. A ƙarshen shekarar Nazeer ya ci kyautar gwarzon ɗan jaridar bincike. Na gan shi a talabijin cikin kwat, a bayansa an kafa hoton nan ya kai tsayin mutum. Ya ce ya sadaukar da kyautar ga wani jarumi da ba zai iya ambaton sunansa ba, aka yi ta tafi.

Sauran shanun ba su yi ƙarko ba. Wasu ruwan ya riga ya cinye su ta ciki, wasu aka sayar aka ci abinci. Bayan shekaru da dama na sami Usaini a Tungan Maje yana gadin wani wurin buga bulo, shi da Zulai a ɗaki ɗaya na langa-langa. Na tambaye shi ina rediyo, ya ce ya ba wani. Ban ƙara tambaya ba.

Ranar nan ne ya shiga ɗaki ya fito da wata leda, ya warware ta a hankali. Shafin jaridar ne, ya yi ja don tsufa, an naɗe an warware har ya fara rabuwa. Ya ce shi ne kaɗai hoton Saja da yake da shi, kuma shi ne kaɗai hoton da aka taɓa ɗaukarsa a cikin shanunsa. Hafiza ta yi aure ta haihu, yaran suna zuwa, yana nuna musu yana cewa ga san kakanku, ga kakanku. Ƙaramin ya ce masa wannan ba shi ba ne, wannan ɓarawo ne, don a talabijin ɓarayi ake rufe wa ido.

Ya ce, "Likita, ka roƙar mini yaron nan. Ba na neman komai a wurinsa. Ya ba ni na asalin, wanda bai rufe mini ido ba. Yanzu ai ba abin da za a ɓoye."

Na nemo lambar Nazeer. A lokacin ya zama babba, shi ne shugaban sashen nasu. Ya gane ni nan take, ya tambayi Baba. Ya ce in ba shi lokaci ya duba. Da ya kira ni, ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗa. Ya ce bayan shawarar da kwamitin ya bayar, jaridarsu ta kawo sabuwar doka mai tsauri: duk hoton asali na wanda aka sakaya, da fim ɗin kyamara da abin da ke cikin kwamfuta, a lalata shi, don kada ya faɗa hannun da bai dace ba. Shi da kansa ya rubuta dokar, saboda abin da ya sami Baba. Da hoton Baba aka fara.

Ya ce, "Don a kare su ne, sir. Wallahi don a kare su ne."

Na ce na ji, na kashe wayar.

Na yi ta ɗaga zuwa Tungan Maje, yau gobe, har kunya ta kai ni. Na same shi a kan benci a bakin ƙofar wurin bulon, ya ga fuskata ya gane tun ban zauna ba. Na faɗa masa duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya kyauta da ya duba."

Ya zaro ledar daga aljihu, ya shimfiɗa takardar a cinyarsa. Ya shafa ƙahon Saja da yatsa, ya ce ko ba komai shi dai ya fito sosai. Muna ta hirar wasu abubuwa, tsadar masara, ciwon ƙafar Zulai, amma hannunsa yana kan hoton. Na ga farcensa yana kankarar baƙin layin nan a hankali, ba tare da ya san yana yi ba, kamar mai cire laka daga riga. Na buɗe baki zan ce ya bari kada ya yage. Sai a lokacin na lura wurin ya riga ya huje, cinyarsa nake gani ta inda idanunsa suke.